Robar Baba Nomau

Yanzu idan mota ta fara ƙara daga ƙasa, sai ɗayanku ya leƙa, ya ce silambulok ne, ya hau babur ya je kasuwa ya dawo da sabo a cikin kwali, kafin la'asar an gama. Kwanan baya ina zaune a ƙofar gidana a unguwar Zariya ta nan Maraɗi na ji wasu samarin garaji suna hira, ɗaya yana cewa wannan ai ba gyara ba ne, cirewa da sawa ne kawai. Maganar ta tsaya mini, shi ya sa na nemi takarda. Karatuna na boko bai wuce aji huɗu na lakwal ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, silambulok ƴar roba ce mai rami a tsakiya. Ana sa ta inda ƙafar mota ke haɗuwa da jikinta, don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Taya na hawa na sauka, ita tana shan wuyar. Ba ta kai dunƙulen hannu ba. A kanta na yi abin da ya fi kowane ba ni kunya a shekara arba'in da na yi ina riƙe da kile, wato abin ɗaure noti.

Na koyi aiki wajen Maigida Labo, a bayan tashar manyan motoci ta Maraɗi, a shekarun farko na mulkin kai. Lokacin gyaɗa ce ke riƙe da garin, aikinmu kusan duka kamiyo ne, manyan motocin kaya. Kayan aikinmu kile ƴan kaɗan, guduma biyu, kiriki ɗaya na ɗaga mota, da gumagumai na itacen ƙirya da muke tokare ta da su. Maigida Labo ba ya bayani. Zai yi abu sau ɗaya kana kallo, in ka kuskure ka ji tsumman mai a ƙeya. Yana da dokoki da yawa, ɗaya a ciki ita ce: in an sa sabuwar roba, a sauke mota ƙasa kafin a ɗaure noti. Sau ɗaya na tambaye shi dalili. Ya dube ni ya ce ko na taɓa ganin mutumin da kamiyo ya faɗo wa a ƙirji. Na ce a'a. Ya ce to in ci gaba da tambaya zan gani. Sai na ɗauka dalilin ke nan, wato kada ka ja kile da ƙarfi mota ta zame daga kan gungume. Da wannan fahimta na yi shekara bakwai a hannunsa, da ita na buɗe rumfata bayan ya rasu.

Roba kuwa a wancan zamani ba a kwali take zuwa ba, Baba Nomau ke yanka mana. Dattijo ne daga Tsibiri, kullum da safe yana zuwa a kan jaki, ya zauna gindin itacen bedi a bakin tasha. Daga tsohuwar taya yake yin takalma da guga, amma abin da ke ci da gidansa shi ne robar garaji. Ba kowace taya yake karɓa ba. Zai danna ta da farce, ya shinshina, wani lokaci har ya ciza. Wuƙarsa kullum a jiƙe take da ruwan sabulu. Wasu suna huda rami da ƙarfe mai zafi don sauri, shi ya ce wuta na kashe roba tun ba ta fara aiki ba, sai dai ya buga wani bututu da ya wasa bakinsa. Direbobi na tsokanarsa cewa ya fi likita tsantseni, shi kuma ya ce likita in ya yi kuskure ƙasa ke rufe masa asiri, shi nasa a kan hanya ake gani. Duk kamiyon da ke zuwa Kano daga tasharmu da robarsa yake tafiya.

Wata rana gab da kaka aka turo mini wata mota da ban taɓa taɓa irinta ba. Ƙarama ce, ja, kujera biyu, rufinta na tanti ana naɗe shi, sitiyari a dama. Ta Habu ce, ɗan wani babban alhaji mai fataucin gyaɗa da fatu, wanda kamiyonsa sun kai rabin aikin tasha. Ya saye ta a Kano hannun wani Bature da zai koma gida, ta riga ta haura shekara goma. Saboda yadda ta lafe da ƙasa, direbobi suka sa mata suna Kwaɗo. Habu ya ce tana lilo a kwana, tana ƙwanƙwasa a gargada, kuma shi ba ya son a mayar da ita yadda take da, so yake ta yi tauri ta kama hanya. Na leƙa na ga robobin hannuwan gaba, ƙarafan da ke riƙe da taya, duk sun narke. Na ce masa in aka yanka sababbi daga tayar kamiyo, za su fi na Turawa ƙarfi. Ya ce in na yi haka zai gaya wa Alhaji a riƙa kawo mini manyan motoci.

Aikin ya ci kwana uku. Motar ƙirar Ingila ce, notocinta na inci ne, kile ɗina na milimita, sai da na goge biyu da magagari kafin suka kama. Tsofaffin robobin sun manne da tsatsa, na ƙona su, na yanke zoben waje da zarto a hankali don kada in ji wa hannun rauni. Baba Nomau ya zo da kansa ya duba ramukan, ya tafi ya zaɓi taya, ya yanka guda takwas, kowace kamar ƴar'uwarta. Na tura su da dogon ƙarfe mai zare da ruwan sabulu, ban sa giris ba, don mai yana cin roba. Har nan ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Saura ɗauri. Kamiyo in ka sauke shi, kana iya zama a ƙarƙashinsa ka sha fura. Kwaɗo kuwa tsakaninta da ƙasa taƙi ɗaya ne, ko hannu da ƙyar yake shiga, ni kuma ba ni da rami a rumfata. Na dubi gumagumaina, sun zauna daram. Na ce a raina wannan ƴar mota ko ta faɗo me za ta yi, dokar Maigida Labo ta kamiyo ce. Sai na ɗaure notocin tana sama, tayoyi na reto, har na ƙara bututu a kan kile don su ɗauru sosai. Na sauke ta, Habu ya zagaya da ita ya dawo yana dariya, ya ce ta zama sabuwa.

Ba a yi mako biyu ba aka jawo ta tasha da shanu biyu. A hanyar Tsibiri gabanta ya saki, ta kauce ta shiga gonar gero, fitila ɗaya ta fashe. Habu bai ji ciwo ba, amma ya tako a ƙasa bayan shanun, farar rigarsa duk ƙaiƙayi, mai gonar na biye da shi yana faɗa. Tasha ta cika. Wani direba ya tambaye shi ko ashe motar har gero take ci, aka fashe da dariya. Dariyar nan ta fi fitilar ƙona masa rai. Ya tsaya a ƙofar rumfata ya ce in fito in gaya wa mutane abin da na yi wa motarsa.

Na ɗaga ta na ciro roba ɗaya, ta yage. Na ciro ta biyu, haka. Na lura duka sun yage ta fuska ɗaya, kamar tsumman da aka matse. Ban san ma'anar haka ba, amma na san ruɓewa ba ta yin layi. Na dubi Habu, na tuna kamiyon ubansa. Sai na ɗaga robar sama yadda kowa zai gani.

"Ɗan Alhaji, aikina lafiya lau yake. Ruɓaɓɓiyar taya Baba Nomau ya yanka mana."

Aka kira shi daga gindin bedi. Ya zo ya karɓi robar, ya juya ta, ya danna da farce, ya dube ni. Na ɗauka zai yi musu, har na shirya amsa. Ya miƙo mini ita ya ce, "To." Ya koma wajen zamansa.

Kafin magariba magana ta kai gidan Alhaji, aka ce duk garajin da ya sa robar Nomau kada a ƙara kai masa mota. Babu wanda ya kore shi daga tasha, ana gaishe shi kamar kullum, aiki ne kawai aka daina kai masa. Wani fatake ya fara shigo da roba daga Kano, kowa ya koma can.

Habu ya aika aka samo masa na ainihi, masu tambarin Ingila, a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Ni na sa su, na kuma ɗaure su a sama kamar na farko. Suka yi wata biyu suka yage, ta fuska ɗaya. Wannan karon na ce masa jabu aka sayar masa a Kano. Ya zagi Kanawa, ya sake aikawa.

Ina cikin sa na uku, wani tsohon bakanike daga Katsina, Malam Garba, wanda ya biyo motar da ta kawo goro, ya tsaya yana kallona. Ya daɗe yana gyaran motocin Ingila. Da ya ga na ɗauki bututu zan ɗaure, ya tambaye ni ko a sama nake nufin ɗaure ta. Na ce gumaguman na da ƙarfi, ba za ta faɗo ba. Ya yi dariya ya ce wa ke maganar faɗowa. Ya kama wuyan hannuna da hannu biyu ya matse, ya ce in juya. Na juya, fata ta murɗe, na ji zafi. Ya ce haka roba take ji. In ka ɗaure ta taya na reto, ka kulle ta a nan; da ka sauke mota nauyi ya hau, hannun ya ɗaga, robar ta murɗe, kuma a murɗe za ta zauna dare da rana har gargada ta ƙarasa ta. In ka ɗaure ta mota na tsaye da ƙafafunta, tana zaune a sake, ta je sama ta dawo, ta je ƙasa ta dawo. Ya sa muka ɗora tayoyin huɗu a kan gumagumai, nauyinta a kansu, ga kuma wurin shiga ƙarƙashi. Abin da ya gagare ni ke nan, bai kai shan shayi ba.

Na gaya masa dokar Maigida Labo da dalilin da ya ba ni. Ya ce Allah ya jiƙan maigidana, ya ba ni doka ya tafi da dalili, wataƙila shi ma haka aka ba shi.

Robobin nan na uku ba su ƙara motsi ba. Habu ya yi ta yabona, kamiyon Alhaji suka fara zuwa rumfata. Daga inda nake aiki ina hango gindin bedi, taku hamsin ne. Kullum sai in ce gobe zan je in same shi.

Damina ta gaba ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ciki ba. Gyaɗa ta ƙi. Mutanen arewa suka gangaro da ragowar shanunsu suna faɗuwa a bakin hanya. Mu masu garaji ba mu rasa na tuwo ba, don motocin da a da ke fitar da gyaɗa sun koma shigo da hatsi. Amma takalmi da guga babu mai saye. Na ga Baba Nomau ya fara zuwa a ƙasa, aka ce ya sayar da jakin. Daga baya yana zuwa ranar kasuwa kaɗai. Sai wata rana na lura mai soya ƙosai ta zauna a wurinsa, kuma da na tambaya aka ce ta yi wata guda a nan.

Da rani ya tsananta aka kira ni Jiratawa gyaran injin niƙa. Na gama da wuri, na bi ta fadamar gulbi inda ake noman albasa da taba, don can ne kawai ido ke ganin kore a shekarar. A nan na gan shi a bakin rijiya yana jan jigo, yana zuba ruwa a kwalbatin lambu. Lambun na Ila ne, mijin ƴarsa. Gonarsa ta Tsibiri ba ta ba da ko dami ɗaya ba, dattijo mai gidan kansa ya dawo cin tuwon suruki. Ya rame, kafaɗunsa duk kanta.

Na yi sallama na durƙusa. Ya amsa, ya tambayi iyali da tasha, bai daina jan ruwa ba. Na faɗa masa komai, da ɗaurin sama, da robobin Ingila, da Malam Garba. Sai da ya juye guga uku kafin ya yi magana.

"Na sani tun ranar. Roba in ta ruɓe ɓarɓashi take yi. Wadda ka ɗaga wa mutane murɗe ta aka yi, kamar wuyan kaza."

"Baba, mi ya hana ka faɗi?"

"Kai ke riƙe da kile, ni wuƙar takalmi gare ni. Wa za a ji?"

Na ce ya faɗi abin da zan yi masa, ko hatsi, ko wani jakin. Ya ce Ila bai bar shi da yunwa ba. Ya ce shekara talatin ana cewa robar Nomau, yanzu in an faɗi sunan sai a haɗa da ruɓa, har jikokinsa sun ji a bakin yaran gari.

"Inda ka faɗi waccan, Isa, can za ka faɗi wagga. Shi ke nan abin da nike so."

Na yi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da direbobi da masu garaji ke taruwa wajen mai shayi, na miƙe na ce ina da magana. Na faɗi yadda aka yi ban rage komai ba. Da na gama, wani sabon direba ya tambayi wane ne Nomau. Aka ce masa wani tsoho ne mai jaki. Wani ya ce fari ya sa kowa tuba bana, har Isa, aka yi dariya. Babban cikinmu ya dafa ni ya ce na kyauta, Allah ya yafe mana duka, sai dai yanzu hannu ya saba da robar Kano. Ana cikin haka motar hatsi ta shigo, kowa ya tashi. Habu kuwa ya riga ya sayar da Kwaɗo, da na same shi a kanti ya ce shi ya ma manta, in gaishe da tsohon.

Na koma Jiratawa. Baba Nomau yana ganina ya saki jigon, abin da bai yi ba a zuwana na farko, ya tambaye ni abin da suka ce. Na dubi fuskarsa na ce duk sun yi nadama, sun ce a ba shi haƙuri, aiki na nan tafe. Ya ce alhamdu lillahi, ya sa aka kawo mini ruwa da albasa ƙulli guda in kai gida.

To, aiki dole ya zo. A lokacin in za ka aika a yanka maka roba daga nesa, kara kake yankewa daidai tsawonta, ka ƙulla zare daidai kaurinta, ka ba ɗan aike. Ila na kawo albasa Maraɗi kowane mako. Sai na riƙa yanka kara ina ba shi, wannan makon in ce na garajin wane ne, mako mai zuwa in ce na wane. Ina sauya tsawo da kauri don kada su yi kama. Robobin na dawowa a gyare tsaf, ina zuba su a buhu a bayan rumfa, waɗanda suka dace da aikina in sa. Na ɗauka na sami dabara.

A mako na bakwai Ila ya zo, na miƙa masa kara uku, bai karɓa ba. Mutum ne mai kunya, ya daɗe yana gaisuwa yana duban ƙasa. Daga nan ya ce Baba ya ba shi saƙo, kuma ya ce ya faɗa yadda aka faɗa masa.

"Ya ce a gaya maka, garaji shida ba su zama bahagwai duka ba. Kowane kara da hannun hagu aka yanke shi, bakin ya nuna. Ya ce suna ya roƙa, bai roƙi sadaka ba. Ya ce ka huta."

Duk tashar ni kaɗai ne bahago.

Bai ƙara yanka roba ba, ni ma ban ƙara samun ƙafar zuwa Jiratawa ba. Ya rasu bayan sojoji sun karɓi mulki da kamar shekara guda, labari ya iso ni a makare, na tafi gaisuwa. Ban san gidan Ila ba, lambun kawai na sani. A bakin gari na tarar da dattawa zaune, na tambaye su gidan da aka yi rasuwar Baba Nomau mai roba. Suka dubi juna, suka ce ba su san wani mai roba a garin nan ba. Na yi ta kwatance, har ɗaya ya gane.

"Au, tsohon nan mai ja wa Ila ruwa kake nufi. Bi nan, gida na uku."